Makullin Maigida

Shafi na 12

Masu cika min waya da tambayar ko Auta ta samu ɗaki, ku sarara min haka nan. Ga ta can tsaye da tsintsiya a hannu.

*

Tun da hantsi Auta take sharar ɗakin, ba don yana da datti ba, sai don hannunta ya samu abin yi kafin motar kayanta ta iso. Ciki da falo ne, da ɗan kicin, da bayi a ciki. Ƙofarsa ta kansa ce, titi take kallo, ba sai an ratsa ta tsakar gida ba.

Ta kunna famfo, ta kashe, ta sake kunnawa. Ruwa ya zubo da ƙarfinsa, ta yi murmushi ita kaɗai.

Wanda bai taɓa yawon neman gida a garin da bai san kowa ba, ba zai gane wannan murmushin ba. Unguwa nawa ta taka? Akwai wadda take manne da asibitin, amma tashar mota ce a bayanta, tun asuba ake kiran fasinja a cikin kunnen mutum. Akwai ta masu hali, mai dogayen katangu, inda in ka yi sallama kare ne yake amsa maka. Akwai wadda dillali ya yi ta rantsuwa ruwa bai taɓa shiga ba, alhali ga shatin ambaliya a jikin bango ya kai ƙugun mutum, an shafe shi da fenti amma ya ƙi ɓuya.

Wannan kuwa da ƙafarta ta samo ta. Daga ƙofar asibiti ta tashi ta miƙe hanya, ta ce duk inda ta fara jin gajiya, nan ne iyakar inda za ta iya zama. Aikinta ne ya jawo haka. Injiniya ce ta na'urorin wankin ƙoda, kamfaninsu ya turo ta ta kula da na babban asibitin garin, kuma in na'ura ta tsaya da mutum a jikinta ba a tsayawa jiran mota. Ba ta kai ga gajiya ba ta faɗo wannan layin, inda ta tarar da mata suna hira a ƙofar wani shago, ta yi sallama duk suka amsa har da tambayarta gida.

Baba ma ya kafa nasa sharaɗin kafin ta baro gida: gidan da akwai babba a ciki, unguwar da ake gaisawa. In ba ta samu ba kafin Litinin, ta tattaro ta dawo, aikin ya bi ruwa. Yau kuwa Asabar.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, duk da a buɗe take.

Malama ce, mai gidan. Tsohuwar shugabar makaranta ce da ta daɗe da yin ritaya, amma har yanzu in ta dubi mutum sai ya ji kamar bai yanke farce ba.

Auta ta ajiye tsintsiya ta russuna. "Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau, 'yata. Kin gwada famfon?"

"Na gwada."

"Ai na ji. Kin kusa ƙarar min da tanki."

Auta ta rufe baki tana dariya. Malama ta miƙo mata makulli biyu ɗaure da jan zare.

"Ga su nan. Ɗaya naki, ɗaya na maigida."

"Mama, Maigida kuma me zai yi da makulli?"

"Ta taga zai riƙa shigowa?"

"Ai ba zama zai yi ba. Yau ɗin ma kaya kawai zai sauke min ya juya."

"Ya juya ina?"

"Can inda na baro. Shi ba ya barin can, sai in wani abu ya lalace ya fi ƙarfina."

Malama ta gyara tsayuwa. "Sai abu ya lalace sannan zai zo."

"E, haka tsarinmu yake."

"Ke kuma kin yarda da haka."

"To ya zan yi, Mama? Shi ya ce in taho."

"Allah sarki. Kin daɗe a wurinsa?"

"Shekara ta uku ke nan. Tun ina makaranta ya ce in na gama in zo wurinsa."

"Mahaifinki ya san halinsa kuwa?"

"Sosai ma. Ai sa'an Baba ne, aji ɗaya suka yi."

Malama ta ja dogon numfashi. Ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa, 'yar siririya da ita, tausayi ya kama ta.

"Ke kaɗai ce a wurinsa?"

"A'a. Ni ce dai ta ƙarshe da ya ɗauka."

"Ku nawa ne?"

"Mu tara."

Malama ta lalubi bakin taga ta dafa.

"Tara."

"Da mu goma ne. Bara ya sallami ɗaya saboda yawan latti."

"Tsaya, 'yata. Wane irin mutum ne wannan?"

"Wallahi mutumin kirki ne, Mama. Bai taɓa riƙe mana albashi ba. Kuma duk cikinmu ni kaɗai ce mace, amma bai taɓa..."

 Sai ta ga fuskar Malama, kuma a lokacin ne kunnenta ya ji abin da bakinta yake ta faɗa tun ɗazu.

A kamfaninsu babu mai kiran mai kamfanin da wani suna sai Maigida. Direba Maigida, akawu Maigida, injiniyoyi Maigida. Ita ma da ta shiga cikin maza takwas sai ta bi bakinsu, har ta manta cewa in kalmar ta fito daga bakin mace, wani wuri daban take sauka. Ranar da ta fara shigowa layin nan, abin da ta gaya wa mai shagon da ke kallon gidan ke nan: "Maigida ne ya ce in nemi kusa da asibiti." Da aka kawo ta gaban Malama kuma ta ce, "Maigida zai zo da kaya ran Asabar." Babu wanda ya ƙara tambayarta komai, ita kuma har tana yaba wa mutanen unguwar da rashin bin diddigi.

Malama ta jawo kujerar roba ta zauna.

"Maigidan nan naki, mai kamfani ne."

"E, Mama."

"Ba ki da aure."

"Ba ni da shi."

"Ko maganarsa?"

"Babu."

Wata mota ta wuce a titi. Auta ta ji makullan sun yi mata nauyi a hannu.

"Mama, wallahi ban yi miki ƙarya ba."

"Na sani. Na ƙare ƙuruciyata ina sauraron ƙaryar yara, na san kamanninta tun daga nesa. Ba ƙarya kika yi ba, wauta kika yi. Ni ma na taya ki da ban tambaya ba." Ta gyara mayafinta. "Amma ɗakin nan ba na ba marar aure. Kowa a layin nan ya sani."

"Ni ban sani ba."

"Yanzu kin sani."

Auta ta durƙusa a gabanta. Ba mai saurin kuka ba ce, a gida ma cewa ake zuciyarta ta maza ce, amma ta ji idonta yana zafi.

"Mama, ki dube ni. Babu inda ban shiga ba a garin nan. Nan ne kaɗai na yi sallama aka amsa min. Ba na tara ƙawaye, ba na kawo baƙi, daga asibiti sai ɗaki. In na rasa nan, Baba cewa zai yi in koma gida, kuma Baba ba ya magana biyu."

"Akwai gidaje a bayan gari."

"Sun yi nisa. Ko a asibitin ban gama samun wurin tsayawa ba. Shekaranjiya da na shiga ɗakin na'urorin in duba su, na ji ƙarar ɗaya ba daidai ba, na kashe ta kafin a ɗora mata mutum. Sai wata nas mai jan tabarau ta tsaya a kaina, ta ce na ɓata mata layin marasa lafiya, daga zuwana zan nuna iyawa. A gaban kowa ta ce, ko ita ko ni a ɗakin nan. In na fara zuwa a makare daga bayan gari, ai na ba ta abin da take nema."

"Na'urar ta lalace da gaske?"

"Ta lalace."

"To kin yi daidai. Amma wannan maganar asibiti ce, ni ta gidana nake yi."

"Mama, me marar aure ta yi miki?"

Tambayar ta fita da ƙarfi fiye da yadda Auta ta so. Malama ta ɗago ta dube ta, kallon da a da yake sa aji guda ya yi tsit. Sai kuma ta kawar da kai wajen ƙofar bayi.

"Kin ga tayil ɗin bayin can? Mai kaushi ne. Da ba shi ba ne."

Auta ta waiga.

"Wata malamar makarantarmu na taɓa ba ɗakin nan. Yarinya kamarki, ba ruwanta da kowa, daga aiki sai ɗaki, irin abin da kika gama yi min talla yanzu. Aka yi hutu. Na ga ƙofa a rufe, na ce ta tafi garinsu. Ashe santsi ne ya kwashe ta a bayi, ƙugunta ya karye, waya tana falo. Ina tsakar gida ina shanya, bango ɗaya ne tsakaninmu. Sai da uwarta ta gaji da kira ta biyo mota ta zo."

"Ta rasu?"

"Da sauran kwananta. Amma har yau da sanda take tafiya, kuma duk ranar da na gan ta ba na iya cin abinci." Malama ta share gefen bakinta da mayafi. "Mutane suna cewa tarbiyya nake tsarewa. Na bar su da zatonsu, ya fi min sauƙin bayani. Ni dai ba na son ƙofar da mutum ɗaya ne yake kwana a bayanta."

"To ki riƙe ɗaya makullin, Mama."

"A lokacin ma ina da shi. Makulli yana jin nishi ne? Mutum nake so a ciki, wanda in ba ki fito ba zai sani."

 Auta ta shirya wa faɗa, ta shirya wa zargi, amma ba ta shirya wa wannan ba.

"Da wannan ne kaɗai ma da sauƙi," in ji Malama. "Mai shagon can da ta kawo ki, ƙanwata ce, ciki ɗaya. Gidansu yana can ƙarshen gari. 'Yarta ta fari tana aiki nan kusa, wani lokaci har kwana take yi a wurin aikin. Ta zo ta roƙe ni ɗakin nan, na hana ta. Na ce ta shigo cikin gida ta zauna tare da ni, ta ce ita ba yarinya ba ce, nata take so mai ƙofar kansa. Tun ranar ba ta sake tako min gida ba, in mun haɗu a shago sai ta gaishe ni kamar mai karɓar haraji. Uwar ta danne zuciyarta ta ce doka doka ce. To yau in ta ji na ba bare abin da na hana jinina, da wane ido zan dube ta?"

"Na gane, Mama."

Auta ta miƙa makullan. Malama ba ta karɓa ba.

Ta daɗe tana kallon yarinyar, da ɗakin da aka share har lungu, da tsintsiyar da aka jingine kanta sama yadda ake jingine ta a gidan da aka san aiki. Gaskiyar magana, Auta ta shiga ranta tun ranar farko, kuma tsufa yana sa mutum son motsin wani a kusa.

Ta rage murya.

"Ƙanwata ta san matar aure na ba ɗaki, mijin yana wani gari. Duk layin nan haka suka sani. Maganar da muka yi yanzu daga ni sai ke. In ta tsaya a nan, ni ba zan ɗaga ta ba. Safe da yamma zan ƙwanƙwasa miki, ki amsa ko kina barci. Maigidan naki ya sauke kaya ya juya, kamar yadda kika ce."

"Mama, wato in bar su a haka?"

"Ban ce ki ce komai ba. Cewa na yi kada ki ce komai."

Kada ku ga laifin Auta da yawa. Ba waliyyiya ba ce, yarinya ce da ta gaji da yawo, ga famfo mai ruwa, ga asibiti a tafiyar ƙafa, ga Litinin ta matso. Ta gaya wa kanta ai ba ita ta ƙirƙiro maganar ba, kunnuwansu ne suka ji abin da suke so. Zuciyarta ba ta kwanta da hakan ba, amma ta damƙe makullan.

"To, Mama."

Ba ta rufe baki ba aka danna hon a waje.

Farar motar kamfani ce, an ɗaure katifa a samanta. Maigida da kansa yake tuƙi, ga furfurarsa, ga tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu huɗu da ba ya rabuwa da ita. Auta ta fito da sauri tana gyara ɗankwali, sai ta ci birki a bakin ƙofa.

Akwai mutum a kujerar gaba. Tun kafin ya buɗe ƙofa ta gane hular.

"Baba?"

Baba ya sauko a hankali, yana miƙe bayansa. "Abokina ya ce akwai wuri a mota, na ce to bari in zo in ga unguwar da ake ta yi min waƙarta a waya." Ya dubi layin sama da ƙasa, ya dubi bishiyoyin, ya dubi Malama da ta fito bayanta. Fuskarsa ta saki. "Wannan ce babbar?"

"Ita ce, Baba."

Suka gaisa da Malama a mutunce, gaisuwar manya mai tsawo. Auta tana tsaye tana addu'a a ranta a gama a shige ciki. Da sun shige ɗin ma da labarin ya canja. Amma shago yana kallon gida, kuma mai shago ba a yi motar da za ta tsaya a layin nan ba ta gani ba.

Ta tsallako titi da ledar ruwan sanyi a hannu, fara'a har kunne.

"Maraba, maraba da baƙi. Sannunku da hanya." Ta dubi dattawan biyu, ta ɗan yi jim, don duk cikinsu babu wanda ya yi kama da abin da ta zata. "To wane ne maigidan a cikinku?"

Mutumin da aka shekara da shekaru ana kiransa da suna ɗaya ba ya tsayawa tunani. Maigida ya ɗaga hannu.

"Ga ni."

"Ma sha Allah." Mai shago ta haɗiye mamakinta ta ci gaba. "To wallahi ka dace da mata. Yarinya mai hankali, mai gaisuwa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a ta gari. Sai dai ka riƙa leƙo ta, kada ka bar mana ita ita kaɗai."

Hannun Maigida ya tsaya a sama. Ya waiga bayansa ko da wani ake, babu kowa sai katifa.

"Mata?" in ji Baba.

"Au, kai ne mahaifinta? Sannu, Baba. Ashe tare da surukin naka kuka taho."

Baba bai dubi Auta ba tukuna. Abokinsa ya fara duba, abokin da suka zauna benci ɗaya tun suna yara, wanda ya damƙa wa 'yarsa amana. Kallon bai daɗe ba, amma Auta ta gan shi, kuma ta ga yadda Maigida ya sauke hannunsa a hankali kamar an zare masa laka.

"Wallahi ni ban san..." ya fara.

Baba ya ɗaga masa hannu. Sannan ya juyo.

"Auta, me kika gaya wa mutanen nan?"

Bai ɗaga murya ba. Baba in ransa ya ɓaci ƙasa muryarsa take yi.

Malama ta yi gyaran murya a bayanta. Auta ta gane nufinta sarai: ki ce a shiga ciki, a yi maganar a ɗaki, mai shago ta koma shagonta da abin da ta sani. Kalma uku ce, Baba mu shiga, kuma har ta haɗa su a bakinta. Sai ta dubi fuskar Baba. Ko da za ta wanke kanta a ciki, sai ya taka daga nan zuwa falo da wannan zaton a ransa, a gaban abokinsa. Ta ji ba za ta iya ba.

Ta juya ta fuskanci mai shago.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba mijina ba ne. Mai kamfaninmu ne, kowa a wurin aiki Maigida yake ce masa, ni ma bakina ya saba. Ba ni da aure, ban taɓa yi ba. Ban san abin da kuka ɗauka ke nan ba sai ɗazu."

Maigida ya jingina da mota ya cire hula yana fifita. "Ni dai yau na ga ta kaina. Daga kawo katifa."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗar abokinsa. Fara'ar mai shago kuwa ta ɗauke gaba ɗaya. Ba Auta take kallo ba.

"Yaya, kin sani?"

"Ɗazu na sani," in ji Malama.

"Kin sani, kuma ga makulli a hannunta."

Mai shago ta dire ledar ruwan a ƙasa.

"Tawa 'yar ta zo har ɗakinki ta durƙusa, kika ce doka. Na ce mata ta yi haƙuri, yayata ba ta da son kai. Yanzu haka tana bayan kantar shagona a kwance a kan benci, ta kwana a wurin aiki, ta kasa kai kanta gida. A kan benci, Yaya. Ashe dokar ta 'ya'yanmu ce kawai."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Baba ya dubi matan biyu, ya gane inda maganar ta dosa. Mutum ne da ba ya son a ce ta dalilinsa zumunci ya ɓaci.

"Kada a kwance igiyar nan," ya ce wa Maigida. "A bar kayan a mota. Auta, ba wa baiwar Allah makullinta. Ba za mu raba 'yan'uwa a kan ɗaki ba."

"Baba, Litinin fa..."

"Na san ranar. Ba ta."

Auta ta dubi ƙofar ɗakin, ta hango tsintsiyarta a jingine. Ta tako ta sa makullan a tafin Malama da hannu biyu. 

Malama ta tsaya tana jujjuya su. Sai ta sa haƙori ta tsinke jan zaren, makullan suka rabu.

Ta miƙa wa Auta ɗaya.

"Riƙe. Wannan dama naki ne."

Ta ɗaga ɗayan sama yadda ƙanwarta za ta gani.

"Wannan na maigida ne, ga shi kuma an wayi gari babu maigida. Ni abin da na ƙi shi ne mutum ɗaya a bayan ƙofar nan. Ɗaki ciki da falo ne, ya ishi mutum biyu. Ki taso 'yarki. In za su zauna tare, na ba su. In ɗaya ta ƙi, duk su biyun su nemi wata unguwa, in sa kwaɗo in huta." Ta juya wajen Baba. "Malam, ka yarda?"

Baba ya ɗan yi tunani. "Su biyu, ga babba a gida. In haka ne ni ba ni da ta cewa."

Auta ta ji numfashinta ya dawo. Ko wace ce, za ta zauna da ita. Ko mai minshari ce, ko mai barin kwano a jiƙe, ta yarda, ta bar mata cikin ma ita ta kwana a falo.

Mai shago ba ta jira an sake faɗa ba. Ta tsallaka titi tana kira tun daga nesa.

"Ke, tashi. Taso maza, innarki tana kira."

Labulen shagon ya motsa. Wata doguwa ta fito tana hamma, farar rigar aiki a jikinta duk ta yamutse, takalmi a hannu. Ta tsaya a bakin titi ta laluba aljihu, ta ciro tabarau ta saka.

Jan tabarau.

Ta tsallako a hankali. Ta gaida manya sama-sama, ta saurari abin da uwarta take raɗa mata, ta dubi makullin da ke hannun Malama. Sannan ta dubi wadda ke riƙe da ɗan'uwansa.

Ta daɗe tana kallonta.

"Injiniya," ta ce. "Shekaranjiya me na ce miki?"

Auta ta damƙe makullinta. "Kin ce ko ke ko ni a ɗakin nan."

"Ashe kin riƙe."

Malama ta miƙo mata makullin. Nas ɗin ta dube shi, ta harɗe hannuwanta a ƙirji.